Ɗigo Ɗaya a Bangon Limawa

Ranar wata Talata da hantsi Afra'u ta sauka daga adaidaita sahu a unguwar Takur ta Dutse, riƙe da gafaka mai takarda ɗaya tak a ciki. Shagon da aka kwatanta mata bai yi wuyar ganewa ba. Sunan mai shi na saman ƙofa da haruffan ƙarfe, SAGIRU ZANE DA ALAMU, tazarar kowane harafi daidai da ta ɗan'uwansa. Ta tsaya ta nemi aibu a jikin rubutun, ba ta samu ba. Da wannan haushin ta shiga.

Wani saurayi dogo na zaune gaban kwamfuta, ya ba ƙofa baya.

"Salamu alaikum."

"Wa alaikumus salam. In katin biki ne sai mako mai zuwa."

"Daga gidan Alaramma Zainulabidin na Limawa nake. Rubutun bangon makaranta na kawo."

Sai a nan ya juyo.

Aikin ba ƙarami ba ne. Alhaji Lado, babban ɗan kasuwar hatsi na Ringim, shi ya gina wa makarantar mahaifinta bene mai aji takwas. Sau biyu ya kawo tayin ginin, sau biyu Malam ya ce a bar shi da rumfarsa. A na uku ne ya amsa, bayan dattawan unguwa sun sa baki. An shirya a ɗora taken makarantar a fuskar ginin da ajami, a sa na boko a ƙasansa: Ilimi ya fi dukiya. Shekara uku ke nan hannun Malam na rawa. Duk wasiƙa da duk wani rubutu da ya fita daga gidan a tsawon lokacin, Afra'u ce ta yi shi. Mutanen unguwa sun sani, ba sa dai faɗa.

"Ajiye a nan," in ji Sagiru. "Ina da salon rubutun Larabci sama da ɗari uku a kwamfutar nan. Zan zaɓa muku mai kyau."

"Ba Larabci ba ne, Hausa ce da ajami. Kuma Malam ya ce yadda yake a takarda haka zai hau bango."

Ya buɗe takardar da yatsa biyu kamar wanda aka ba shi sammaci. Ya dube ta. Ya jawo fitila ya sake dubawa, ya daɗe.

"Wa ya rubuta?"

"Ina ruwanka?"

Ya kalli yatsunta na dama, inda tawada ta zauna a gefen farce. "An ba ni amsa. To Malama, wannan wutsiyar ta ƙarshen ilimi ta koma baya da yawa. A ƙarfe za ta lanƙwashe."

"Haka harafin ya yake komawa. In ƙarfenka ba zai iya ba, ka faɗa, a kai Kano."

"Ƙarfena zai iya. Bakinki ne ban san mai iya masa ba."

"Ba a kawo maka shi gyara ba."

Ya sa takardar a aljihun tebur ya kulle. Ya ce ƙa'idar shagonsa ce, takardar aiki tana zama a wurinsa har a gama. Ya karɓi lambar wayarta saboda tambayoyin aiki. Ta fita ba tare da ta ce sai an jima ba.

Mako shida aka yi ana aikin, kuma a mako shidan nan ba su rabu da faɗa ba.

Kwana biyun farko bai auna komai ba. Zagaya ginin kawai yake yi, yana tsayawa a duk inda baƙo zai tsaya ya rasa hanya. Ya sa lambobin aji daidai kafaɗar ɗan shekara bakwai, ya ce masu ajin su ne ya kamata su fara ganin lambarsu. Ya ja koren layi a ƙasa daga ƙofa har wurin alwala, ya ja ruwan ɗorawa zuwa sashen mata, don wanda bai iya karatu ba ya bi launi. Afra'u ta bi ƙofofin ɗaya bayan ɗaya tana neman inda ya manta ƙugiyar ɗa ko ta ƙa, kamar yadda ake mantawa a allunan gari. Ba ta samu ba. Daga baya ta ji cewa salon da ya zaɓa ba shi da haruffa masu ƙugiya, da hannu ya zana kowace ɗaya. Ba ta yaba masa ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo.

"Malama Ja-in-ja, kin zagaya? Ina jiran laifina na yau."

Ta rubuta masa: "Bakwai ɗinka ta yi kama da lauje. In girbi ka zo yi ka faɗa mana."

"Gobe zan miƙar da ita. Ke kuma wa zai miƙar da ke?"

Ta kife wayar. Ba ta kuma goge saƙon ba.

Akwai mai lura da wannan duka. Izzuddeen, ɗan Alhaji Lado, shi ke kula da ginin a madadin mahaifinsa, kuma tun kafin a zuba harsashi ya tura kawunsa neman izinin zance da Afra'u. Malam ya ce a bari a gama gini tukuna, kada mutane su ce bene ne sadakin 'yarsa. Izzuddeen ya ɗauki wannan a matsayin alkawari. Duk lokacin da ya tarar da ita tana gardama da Sagiru a kan tsawon kibiya ko kaurin harafi, sai ya ce, "Malama, ki bar wa leburori rana, ki shiga inuwa."

Babban rubutun shi aka ɗora a ƙarshe. Sagiru ya yanka haruffan daga farin ƙarfe, ya ɗora su a kan ƙusoshi masu tsawon inci huɗu don su fito daga jikin bango, inuwarsu ta ƙara musu kauri. Ranar da ya ɗora su ya lulluɓe su da farin yadi. Afra'u ta ce a buɗe ta duba.

"Ranar buɗewa kowa zai gani tare," in ji shi. "Hannunki ne sak. Ko wutsiyar da kika yi min gori a kanta tana nan."

"Ban yarda da kai ba."

"Na sani. Shi ya sa nake so ki gani a gaban mutane."

An yi bikin ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. Mutum wajen ɗari biyu suka taru, alarammomi a sahun gaba, Alhaji Lado kusa da Malam, mata a rumfar gefe. Aka ja igiya, yadin ya faɗo. Rana ta bugi ƙarfen. Afra'u ta ga hannunta a tsawon ƙafa ashirin, kowane lanƙwasa a inda ta sa shi. Sannan idonta ya kai kalma ta uku.

Wani tsohon alaramma daga Ringim ya riga ta. Ya ɗaga sanda yana bin baƙaƙen da ita, yana karantawa da ƙarfi kamar yadda ya saba.

"Ilimi... ya ƙi... dukiya."

Abin da ya faru ɗigo ɗaya ne. A rubutun allo, wanda Malam da duk sahun gaba suka tashi da shi, fa ɗigonta a ƙasa yake. Baƙin da ke da ɗigo ɗaya a sama ƙaf ne. A littattafan Islamiyya kuwa, waɗanda ake bugawa da inji, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu gare shi. A takardar Afra'u ɗigon a ƙasa yake. A bango yana sama.

Wasu samari suka fara nuna layin boko, suna cewa ai ga shi nan an rubuta fi. Alhaji Lado bai kalli inda suke nunawa ba. Ya miƙe ya gyara babbar rigarsa.

"Na boko na yara ne. Na sama shi ne namu, mu aka aika wa. Malam, sau biyu ka ƙi ni a zaure na haƙura. Na uku sai a bango?"

"Baba, ba Malam ba ne," in ji Izzuddeen, da muryar da ta kai har rumfar mata. "Kowa ya san wanda ke riƙe masa alƙalami. Abin da ake gudu ke nan in an bar wa mace rubutu."

Alhaji ya shiga mota bai taɓa abinci ba. Afra'u ta duba inda Sagiru yake tsaye. Yana kallon bangon da mamakin wanda bai ga abin da ake magana a kai ba.

Bayan azahar Malam ya kira ta zaure.

"Ke kika sa ɗigon a sama?"

"A ƙasa na sa shi, Baba."

"Ina takardar?"

"Tana wurin mai zanen."

"Ban duba ta ba ranar da kika rubuta. Shekara uku ban duba bayanki ba." Ya miƙo hannu. "Kawo min gafakar da alƙaluman da kurtun tawada. Za su zauna a wurina har takardar ta zo."

Ta kawo, ta ajiye a gabansa, ta durƙusa ta fita. Ba ta yi kuka ba. Tun tana shekara shida take riƙe da alƙalami a gidan nan, kuma yau ne karo na farko da aka karɓe shi.

Ta kira Sagiru sau uku bai ɗauka ba. Sai saƙo ya shigo.

"Malama, ban yi kuskure ba. Fa ɗigonta a sama yake, ko ɗan aji ɗaya na Islamiyya ya sani. Na ga tawada ta ɗiga miki a ƙasa, na gyara, ban faɗa ba don kada ki ji kunya."

Ta karanta sau biyu. Ta rubuta: "Allah ya isa tsakanina da taimakonka."

Ranar Litinin ta koma Takur. Wannan karon yana fuskantar ƙofa.

"Ba ni takardata."

"Zauna mu yi magana."

"Ban zo zama ba. Ka ɗauki hannun da ya fi naka, ka gyara shi a ɓoye, ka rufe da yadi. Ka tambaye ni tsawon kibiya sau goma. Ɗigo ɗaya ne ka kasa tambaya?"

"Don na san shi! Shekara tara na yi a Islamiyya. Duk littafin da ke cikin garin nan haka aka buga shi. Yaran da za su shiga ajujuwan nan, da wane rubutu suke karatu? Don tsofaffi goma sha biyu za a sa wa gini abin da gobe ba mai iya karantawa?"

"Tsofaffin nan su suka koya wa wanda ya koya wa malaminka."

"To su koyi na zamani."

"Kai ka koyi tambaya."

Ya zauna. Ya murza goshinsa. Da ya sake magana muryarsa ta sauka.

"Izzuddeen ya zo jiya. Ya ce in ce takarda ta ɓata, in ce abin da aka kawo na bi. Ya ce ke mace ce, wata biyu an manta, kuma in kin shiga gidansa ba ki da bukatar alƙalami. In na fito da ita kuwa, duk Dutse za a ce Sagiru na canza wa mutane rubutu. Ba mai sake ba ni ko allon shago."

"Me ka ce masa?"

"Na ce zan yi tunani."

Ta dube shi har ya kau da kai.

"Yi tunaninka. Amma ka zo gaban makaranta yau da ƙarfe huɗu da rabi. Akwai abin da zan nuna wa ɗan Islamiyya."

Ya zo. Ta tsaya nesa da shi da taku biyar, a bakin titi. Rana ta karkata, tana bugun bangon daga gefe. Inuwar dogayen baƙaƙen ta manne a jikinsu ta ƙara musu kauri, yadda ya tsara. Amma ɗigon shi kaɗai yake a kan ƙusarsa. Inuwarsa ta rabu da shi ta zauna a gefensa, baƙa, zagayayya, girmansu ɗaya.

"Ɗigo nawa ka gani?"

Ya matsa gefe ya sake dubawa.

"Injiniya, ɗigo nawa?"

"Biyu."

"Karanta min da karatun Islamiyyarka."

Ya bi baƙaƙen da ido, ya ce, "Ya ƙi."

"Da safe tsofaffi su karanta ƙi, da yamma yara su karanta ƙi. Ka haɗa kan gari, madalla. Kwana biyu ina kallonsa ta tagar ɗakinmu."

Ta juya ta shiga gida. Har aka kira magariba yana tsaye a wurin.

Ranar Laraba da safe mota biyu suka tsaya a ƙofar gidan, Alhaji Lado da Izzuddeen da Sagiru suka shiga zauren Malam. Sagiru da kansa ya je Ringim, ya zauna a ƙofar rumbun Alhaji Lado wuni guda har aka saurare shi. Afra'u na bayan labulen da ke tsakanin zaure da tsakar gida. Ta ji ƙarar buɗe takarda.

"Allah ya gafarta Malam, ga abin da aka kawo min. Ɗigon a ƙasa yake. Ni na ɗaga shi, da hannuna, ba wanda ya sa ni. Na ɗauka na fi mai rubutun sani."

Malam ya kai takardar kusa da idonsa. Ya miƙa wa Alhaji Lado. Alhaji ya sa babban yatsa a ƙarƙashin ɗigon, ya karanta a hankali, "Ya fi." Ya juya ga ɗansa.

"Kai kuma ka ce min takardar ta ɓata."

"Baba, haka na ji..."

"A wurin wa?"

Izzuddeen ya kalli Sagiru. Sagiru ya kalli tabarma, bai ce komai ba. Alhaji tsohon ɗan kasuwa ne, ya san ma'anar irin wannan shirun.

"Tashi ka jira ni a mota." Da ya fita, Alhaji ya ce, "Malam, ka yafe ni. Yarinyar nan kuma a ba ta haƙuri, a gaban mutane aka ci mata fuska, a gaban mutane zan faɗa ranar Juma'a."

Malam ya ɗaga murya kaɗan. "Afra'u."

Ta shigo ta durƙusa. Ya tura mata gafakar da kurtun da hannunsa mai rawa.

"Ɗauki kayanki, uwata. Ni ne ban yi daidai ba."

Ta ɗauka. Ba ta kalli Sagiru ba.

Washegari ya hau tsani ya cire ɗigon. Ya mayar da shi ƙasa, ya manne shi da jikin bango ba ƙusa, don kada ya sake yin inuwa. Ramin da ya bari a sama ya cike shi da siminti, amma launin bai zo ɗaya da na bangon ba. Ya ce zai kawo fenti. Malam ya aiko a ce masa ya bar tabon yadda yake, ɗalibai za su yi karatu a kansa.

Abin da ya ji tsoro ya faru. Wani sabon otal da ya ba shi aikin alamun ɗakuna ya janye. Aka riƙa kiransa Mai Ɗigo a Takur, har masu shayi. A ɓangaren Afra'u, kawun Izzuddeen ya dawo da maganar aure. Malam ya tambaye ta. Ta ce, "Baba, wanda ya ce a gaban mutum ɗari biyu hannuna ne matsala, ban ga abin da zai yi da sauran jikina ba." Aka rufe maganar.

Bayan wata guda Sagiru ya turo saƙo.

"Malama Ja-in-ja, ina da tambaya. Wannan karon tambaya nake kafin in taɓa komai. In na turo Baba Idirisu wurin Malam, za ki ce a kore shi?"

Ta bar saƙon kwana biyu. Sannan ta rubuta: "Ba ni ke korar baƙi a gidanmu ba. Amma kada ka ɗauka na huce."

Baba Idirisu, ƙanin mahaifinsa, ya zo da goro. Malam ya karɓe shi da mutunci, ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Yaron ya yi gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi, na shaida. Amma wanda ya ga abin da bai gane ba ya gyara shi bai tambaya ba, haka zai yi wa mace. Ban ba shi ba."

Afra'u ta ji daga bayan labule. Ta ga hujjar ta yi daidai, kuma abin ya ba ta haushi fiye da yadda ta zata.

Ranar Asabar da ta biyo baya, ajin manya na bayan la'asar, inda 'yan kasuwa da direbobi ke koyon karatu, ya sami sabon ɗalibi. Ya zo da sabon allo, ya zauna a sahun baya, ya ce a fara masa daga alu, baƙin farko. Malam bai kore shi ba, bai kuma yi masa sannu ba.

Wata bakwai ya yi. Ya koyi fiƙe alƙalamin gamba, ya koyi dafa tawada, ya ɓata riguna uku. Kowace yamma yana ɗaukar hoton allonsa ya tura mata.

"Ga na yau. A yi min adalci."

"Mim ɗinka kamar an taka kwaɗo. Wanke."

"Na wanke. Ga wani."

"Ya rage muni."

"Malama, wannan yabo ne? In sa a firam?"

"Ka sa a wuta."

A wata na biyar ya turo wani abu dabam. Sunanta ne, shi kaɗai a tsakiyar allo, ɗigon fa a ƙasa, an zauna an yi shi da kyau. A ƙasan hoton ya rubuta: "Da a da ne, da Aƙra'u na mayar da ke ban sani ba. Ɗigona, na gane inda kike zama. Ba zan sake ɗaga ki daga wurinki ba."

Ta daɗe da wayar a hannu. Ta rubuta abu uku ta goge. Wanda ta tura shi ne: "Ra ɗin ta gajarce. Amma kada ka wanke wannan, Mai Ɗigo."

Baba Idirisu ya dawo bayan ƙaramar salla, wannan karon tare da Sagiru. Malam ya sa aka kira Afra'u, ya ce ta zo da kurtu da takarda. Ta zauna a bakin labule. Ya karɓi alƙalamin da kansa, abin da bai yi ba shekara uku da wani abu. Hannun na rawa, layin na karkacewa, amma baƙaƙen sun fito. Ya miƙa wa Sagiru.

"Ga amsata. Karanta."

Sagiru ya karɓa da hannu biyu. "Haɗin... nan... ya..." Ya tsaya. Baƙin ƙarshe na nan da wasalinsa, amma ba ɗigo, ba sama ba ƙasa.

"Karanta mana," in ji Baba Idirisu a hankali. "Ai ka san abin da ake nufi."

"Ban sani ba, Baba." Ya ɗaga kai. "Allah ya gafarta Malam, babu ɗigo. In a ƙasa ne, ya fi. In a sama ne, ya ƙi. Ba ni zan sa shi ba. Ina tambaya."

Malam ya gyaɗa kai sau ɗaya. Ya karɓi takardar, ya tura ta gaban 'yarsa tare da alƙalamin.

"Ni ma ba nawa ba ne."

Afra'u ta tsoma alƙalamin a kurtu. Ta share bakinsa a gefe. Ta kai shi saman baƙin ta riƙe a nan, har Baba Idirisu ya fara salati a ƙasan maƙoshi. Ta kalli Sagiru ido cikin ido, karo na farko tun ranar da ta nuna masa inuwa.

"Ka ce za ka yi tunani," in ji ta. "Ranar da Izzuddeen ya ce ka ɓatar da takardata."

"Na faɗa."

"Kwana biyu ka yi kana tunanin. Ni ma ka bar ni in yi nawa."

Ta bar shi ya jira gwargwadon abin da ta ga ya dace. Sannan ta sauko da hannunta, ta ɗiga a ƙasa.

Sagiru ya karanta, muryarsa ba ta fita sosai ba. Malam ya ce ya maimaita yadda na waje zai ji.

"Haɗin nan ya fi."

An ɗaura auren ranar Juma'a ta farko bayan babbar salla, a harabar makarantar, ƙarƙashin rubutun. Alhaji Lado ya zo daga Ringim, shi ya karɓi wakilcin ango bisa roƙon Baba Idirisu. Tsohon alaramman nan mai sanda shi ya yi addu'a. Kafin ya fara ya ɗaga kai ya karanta bangon da ƙarfi, aka yi dariya, sannan ya roƙa musu zaman lafiya da zuriya mai riƙe alƙalami, jama'a suka shafa.

A ƙofar gidansu na Takur akwai ƙaramin allon ƙarfe mai sunayensu biyu da ajami. Ita ta rubuta, shi ya yanka. Ranar da aka kai amarya, ta tsaya a bakin ƙofa cikin lulluɓi, mata na guɗa a bayanta, ta ɗaga mayafin kaɗan ta duba allon daga dama zuwa hagu.

"Yaya, Malama?" in ji shi daga gefe. "Ina laifina na yau?"

Ta sa yatsa ta taɓa ɗigon, ta ji shi manne da bango.

"Yau babu," in ji ta. "Kada ka saba."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya bar kowane ɗigo a mazauninsa.